Tulu Ya Koma Kayan Ado: Wa Zai Riƙe Mana Labarinsa?

Tulunan da suka kai sunan Ladi Kwali birnin Landan ba sa sanyaya ruwa. Wanda ma ya so gwadawa sai ya yi nishi kafin ya ɗaga ɗaya, don nauyinsu ya wuce a saɓa a tafi rafi. Siffar dai ta tulun Gbagyi ce, ga ciki mai faɗi ga gajeren wuya, zanen kada da kunama da hawainiya da kifi duk yana nan. Amma an gasa su ne da wutar da ta haura digiri 1,200, aka kuma lulluɓe su da ruwan ƙyalli irin na tangaran, wanda ya toshe 'yan ƙofofin da yumɓu ke numfashi da su. Tulu kuwa da wannan numfashin yake aiki. Ruwa ya tsattsafo ta jikinsa, iska ta busar da shi, zafin ya bi iska, na ciki ya yi sanyi. Da zarar an toshe wannan hanya, abin da ya rage shi ne kyau, kuma kyau ba a shan sa.

Ban faɗi haka don rage darajar wannan baiwar Allah ba. An haife ta a garin Kwali wajen shekarar 1925, ta koyi ginin tukwane a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, da yatsu da tsinke da ɗan guntun igiya. Ba faifan juyi, ba inji; maginiya ce ke zagaya tukunya, ba tukunya ke juyawa ba. Tun kafin Bature ya san da ita, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta a fadarsa, kuma a can ne Michael Cardew ya fara ganinsu a 1950, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi aikin duba sana'ar tukwane a Najeriya. Abujar da ake magana ita ce Suleja ta yau. Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, saboda akwai yumɓu da itace da ruwa da kuma sarkin da ya karɓi abin hannu biyu, Ladi kuma ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. Ta koyi aiki da faifan juyi, ta yi kwanuka da kofuna da butocin shayi. Sai dai abin da ya girgiza masu kallo a baje kolin Berkeley Galleries na Landan a 1958 da 1959 da 1962 shi ne tulun da ta taso da shi daga gida, wanda take ginawa da hannu kamar yadda aka koya mata. Daga nan sai lambobin yabo: MBE a 1963, digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, lambar NNOM a 1980. Ta rasu a Minna a watan Agusta na 1984. Hotonta na bayan takardar naira ashirin, takardar da a garuruwa da yawa yau ba ta sayen ledar ruwa guda.

A wannan cibiya ta Suleja ne, a ganina, tulu ya sauya aiki a ƙasarmu. Ya bar gindin randa da inuwar zaure ya hau teburi. Ba wai ba mu san ado da mazubi ba. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amaryar da ya ga jere ya san mun sani, ko na ƙorai ne ko na tasoshi ko na kwanukan samira, matan Nufawa kuwa tukwane suke ɗorawa bisa juna har su kusa taɓa rufi. Bambancin shi ne kayan jere ana iya sauke su a yi aiki da su ranar biki. Tulun ado kuwa an gina shi ne tun farko don kada a zuba masa komai, in ya yi yawa a soka masa busasshen fure. Irinsa ne ke tsaye a ƙofar otal-otal da ofisoshi, ake kuma jera shi a bakin titunan Abuja da Kaduna an fesa masa fenti mai ruwan zinariya.

To, abin da ba a ci da shi ba a sha da shi, me ke sa a saye shi da tsada? Labari. Mai saye, musamman baƙo, yana son a gaya masa cewa wannan zane yana da ma'ana, wannan baki biyu na tagwaye ne, wancan kadan yana tsare gida daga mayu. Mai sayarwa kuma ba wawa ba ne. Ya lura cewa tulu mai labari ya ninka tulu bebe kuɗi, don haka in babu labari sai ya ƙaga. Ka tsaya a kasuwar kayan gargajiya ka saurara, za ka ji tulu ɗaya ya sami asali uku kafin la'asar: da safe na sarauniya ne, da azahar na bokaye, da yamma na amaren wata ƙabilar da mai maganar bai taɓa taka ƙasarta ba. Ba na ganin laifin talakan da ke neman na cefane. Damuwata ita ce labarin ƙarya yana cike gurbin na gaskiya, kuma na gaskiyar ya fi shi daɗi da zurfi nesa ba kusa ba, ga shi yana mutuwa tare da tsofaffin da suka riƙe shi.

A dubi kwarin kogin Gongola, tsakanin kudancin Gombe da Adamawa. Al'ummun Cham da Mwana da Longuda sun daɗe suna da wata hanyar magani da tukunya ce ginshiƙinta. Mutum ya kwanta ciwo, a je wurin mai duba, ya faɗi irin cutar. Sai a gina wata 'yar tukunya musamman dominta, a ɗauki ɗanyen yumɓu a shafa a jikin majinyacin ko a zagaya shi da shi, a haɗa a cikin ginin. A imaninsu cutar ta bar jikin mutum ta koma jikin tukunya, wutar gashi kuma ta ɗaure ta a can. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kowace cuta da siffar tukunyarta. Ta ciwon baya da irin nata ƙashin baya a jiki, ta ƙuraje cike da ƙulle-ƙulle, ta amai baki a wangame. Wato mutanen da ba su da littafin likita sun rarraba cututtuka, sun ba kowacce kamanni, sun ajiye ilimin a yumɓu yadda na baya zai gani ya gane. Ko tukunya tana warkar da ciwon baya? Ba ta yi, kuma ba wanda zan shawarta ya bar asibiti ya nufi wurin magini. Amma a matsayin shaidar yadda mutane suka fahimci ciwo da lafiya kafin zuwan allura, ba ta da na biyu.

Maƙwabtansu Yungur na yankin Song suna gina tukunya mai kan mutum domin shugaban da ya rasu, a ajiye ta a wurin da aka keɓe, a riƙa kai mata giya lokacin bukukuwa. Jerin tukwanen nan shi ne jerin sarakunansu. Abin da Kano ta rubuta da ajami da Larabci su sun gina shi da laka. Ga'anda na yankin Gombi kuma suna da tukwanen iskokin da suke ganin su ke tsare gari, kuma zanen da ke jikin wasu daga ciki irin tsagar da ake yi wa 'yan matansu ne mataki-mataki kafin aure. An daina tsagar tuni. In kana son ganin yadda take yau, sai dai ka dubi tukunya. Mafi yawan abin da aka rubuta kan wannan yanki wata Ba'amurkiya ce, Marla Berns, ta tattaro shi tun farkon shekarun 1980, kuma babban baje kolin da ya nuna kayan ga duniya a 2011 a Los Angeles aka yi shi, a gidan tarihi na Fowler. Daga Gongola zuwa Los Angeles akwai tafiya.

Irin wannan bai tsaya a Gongola ba. A ƙasar Zuru, Dakarkari suna ɗora tukwane da siffofin laka a kan kaburburan manya, manomi ko mafarauci ko ɗan kokawa da ya yi suna. A duwatsun Mandara, tsakanin Najeriya da Kamaru, Mafa suna ajiye tukunyar uba da ta kaka a gida, kuma maginan tukwane a can matan maƙera ne, zuriyar da ba ta auratayya da sauran jama'a, mazansu ne kuma ke binne gawa. Matan Gbagyi su kuma a kafaɗa suke ɗaukar tulu da itace, domin a wurinsu kai sarkin jiki ne, ba a ɗora masa kaya.

Mai karatu Bahaushe zai iya cewa wannan duk al'adun wasu ne, mu Musulunci ya raba mu da su tun ƙarnuka. To a yi hattara. Da tukunyar ƙasa aka dafa ruwan wankan jegon da aka yi wa iyayenmu mata, a kasko aka turara ɗakin, a asusun laka yaro ya fara koyon tattali, kuma a Kano da garuruwa da dama da tukwane ake rufe ƙaramin ramin kabari kafin a tura ƙasa. Daga haihuwa zuwa kushewa laka ba ta rabu da mu ba. Camfin ma muna da namu. Wa bai taɓa jin labarin tukunyar dukiya da aka binne a kufai, wadda aljani ke gadi, in ka tona ba da sa'a ba ta koma gawayi ko ta nutse? Wa bai ji an ce an binne wa wane tukunya a ƙofar gida ba, lokacin da kasuwarsa ta karye ko aurensa ya ƙi zama? 'Yan bori na da tukwanensu, masu maganin gargajiya na jiƙa saiwa a sabuwar tukunyar da ba a taɓa girki da ita ba. Karin maganarmu ma a bakin tulu ta sami ƙadangarenta, wanda in ka kashe shi ka fasa tulu, in ka bar shi ya ɓata ruwa. Wanda ya girma da firji da jarkar roba zai haddace wannan magana, amma ba zai ji nauyinta ba, don bai san abin da fashewar tulu ke nufi ga matar da rijiya ta yi wa nisa ba.

Akwai kuma dokokin sana'ar kanta. A wurare da yawa na Afirka ta Yamma an hana mai ciki ko mai haila zuwa ramin yumɓu ko kusantar wurin gashi, an hana baƙo kallo, an keɓe ranakun da ba a haƙa. In tukwane suka fashe a wuta sai a ce wani ya karya doka. Ana iya yi wa wannan dariya, amma ni ina ganin hikima a ƙarƙashinsa. Ramin yumɓu yana ruftawa. Gashi a fili, da kara da itace da kashin shanu, aiki ne na hayaƙi da zafi. Ɗan danshi kaɗan da ya rage a jikin tukunya ko iska ta juya ba zato, aikin wata guda ya tashi a banza. Sana'ar da asara ke zuwa mata ba sallama dole ta kewaye kanta da dokoki, kuma dokar da aka jingina ga iskoki ta fi wadda aka jingina ga shawara samun biyayya. Ga kuma tsare sirrin sana'a daga masu leƙe. Wane yumɓu ake haɗawa da wane, yawan dakakken tsingaro ko ƙaiƙayi da za a zuba, lokacin da za a yayyafa wa tukunya ruwan makuba tana da zafi don ta yi duhu ta yi ƙarfi: duk wannan ilimi ne na gaske, kuma a cikin tatsuniya da hani aka naɗe shi aka miƙa wa 'ya'ya.

Abu biyu ne ke cinye wannan gado, kuma masu yin su ba sa ga maciji da juna. Na farko mai kishin addini ne, Musulmi ko Kirista, wanda da ya ga tukunya mai fuska sai ya ɗauki sanda. Na fahimci abin da yake gudu, ni ma ba na kiran kowa ya yanka wa tukunya kaza. Amma bauta wa abu daban, ajiye shi a matsayin shaida daban. Malamanmu na tarihi sun rubuta labarin Tsumburbura da Barbushe a kan Dala, sun rubuta na macijin rijiyar Kusugu, ba wanda ya ce sun yi ridda. Malaman Larabci sun adana waƙoƙin Jahiliyya suna koyar da nahawu da su har gobe. Jikan da ya musulunta ko ya shiga coci yana da haƙƙin ya san abin da kakansa ya bari da dalilin barinsa, kuma ba zai sani ba in an farfasa shaidar.

Na biyu ɗan kasuwa ne, kuma ɓarnarsa ta fi yawa. Tun da aka tono wani ɗan kai na laka a wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok a 1928, sannan aka kai wa wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wani kan daga Jema'a a 1943 bayan ya yi zaman mutum-mutumi a gonar doya, duniya ta san akwai dukiya a ƙarƙashin ƙasar nan. A shekarun 1990 an yi ta haƙa ba ji ba gani a kudancin Kaduna da sassan Katsina da Sakkwato. A Nijar ma haka aka yi wa maƙabartar Bura, inda Boubé Gado na jami'ar Yamai ya yi tono a 1983 ya samo tukwanen binne mamata. Da labarin ya bazu sai masu haƙar dare suka yi wa yankin kaca-kaca. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Nok da Sakkwato da Katsina da Bura a jerin waɗanda aka fi sacewa. A shekarar ce kuma aka baje wasu kayan Nok a gidan tarihi na Louvre a Faris, aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga baya Faransa ta amince mallakar Najeriya ne amma aka bar mata su aro na shekara 25.

Mai haƙar dare ba tukunya kawai yake sacewa ba. Yana raba ta da wurin da aka same ta, da abin da ke gefenta, da zurfin da take, kuma a nan labarin yake. Ga misali. Masu bincike na jami'ar Goethe ta Frankfurt, waɗanda suka fara aiki a yankin Nok a 2005, sun tattara tsingaron da ɓarawo ba zai ko kalla ba. Da aka gwada abin da ya maƙale a jikinsu tare da masana na jami'ar Bristol, sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna alamar kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na tukwanen da suka riƙe wani saura. Ke nan mutanen wurin suna ɗibar zuma tun kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Fasasshiyar tukunyar da aka san inda ta fito ta faɗi wannan. Lafiyayyar da ke falon wani attajiri a Turai, wadda aka rubuta wa "Afirka ta Yamma, ba a san magini ba", ba za ta faɗi komai ba har abada.

Wannan "ba a san magini ba" ita ce ta fi ci mini rai. Ladi Kwali ta tsira daga gare ta ne don an ba ta hatimi mai haruffa biyu, LK, tana bugawa a gindin kayanta, yau kuma ana sayar da su dubban fam a wuraren gwanjo. A cibiyar ta Suleja akwai wasu mata da suka biyo bayanta, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, amma mutum nawa suka taɓa jin sunansu? Balle dubban da ba su taɓa shiga cibiya ba, a Ushafa da Tatiko da Ilori da Mirya ta Damagaram da Bubon ta bakin Kwara. A 2000 an kai shugaban Amurka Bill Clinton Ushafa ya ga magina, aka ɗauki hotuna, aka watse. Magdalene Odundo, 'yar Kenya da ta zo Suleja a shekarun 1970 ta ga yadda matan Gbagyi ke gini, yau tana cikin manyan maginan duniya, kuma ba ta ɓoye inda ta koya. Baƙi sun fi mu ambaton malamanmu.

Kada kuma a ɗauka maganar ta kayan tarihi ce kawai. Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa wanda ya fito daga gidan magina, ya ɗauki ilimin nan na numfashin yumɓu ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Tumatir da yalo da alayyahon da kan lalace cikin kwana biyu ko uku suka riƙa daɗewa ba wutar lantarki. Ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, dabarar kuma ta kai har Sudan. Bai ƙago sabuwar kimiyya ba. Abin da kowace tsohuwa mai randa ta sani ne ya ɗauka da muhimmanci. A ƙasar da wuta ke zuwa kamar baƙo, mun bar randa mun koma jarkar da ke dafa ruwa a rana, muna kiran hakan ci gaba.

Ba ina cewa a daina gina tulun ado ba. Roba da alminiyam sun riga sun karɓe kicin, kuma in kasuwar ado ce za ta sa 'yar magina ta ga dalilin koyon aikin uwarta, to madalla da ita. Abin da nake nema shi ne kowane tulu ya fita da sunan wadda ta gina shi da garinta, labarin da za a rataya masa kuma ya zama wanda aka ji daga bakinta. In ta ce kadan nan ta zana shi ne don ta gan shi a rafi kuma ya yi mata kyau, a faɗi haka, ya isa. Ba dole ne kowane zane ya zama asiri ba.

Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da tarin tukwane daga sassan ƙasar nan da Sylvia Leith-Ross ta tattaro, ta kuma fitar da kundinsu a 1970. An haura shekara hamsin ke nan. Sashen nazarin kayan tarihi da na zane-zane a Zariya, da sassan Hausa da na tarihi a Bayero da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, suna yaye ɗalibai duk shekara, da yawansu suna maimaita batutuwan da aka gaji da su. A tura su ramukan yumɓu da wuraren gashi da wayar hannu, su ɗauki murya da hoto, su rubuta sunan kowace tukunya da aikinta da abin da aka hana game da ita, da harshen masu ita. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohuwa mai ginin tukwane a unguwarku ko ƙauyenku, je ka gaishe ta a wannan makon, ka sayi tulu, ka tambaye ta wa ya koya mata, ka rubuta sunan.